Mun Hana Baba Motsi Saboda Huhunsa, Amma Kullum Baya Yake Yi

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 64. Ya daɗe yana shan taba, ya bari shekara uku da suka wuce. Bara likita ya ce yana da ciwon huhun nan da ake kira COPD, aka sa shi ya hura iska a wata na'ura, aka rubuta kashi 45 cikin ɗari. Tun daga ranar ni da ƙannena muka hana shi komai. Ba ya ɗaukar ko bokiti, ba ya fita sai a mota, wanka ma ƙanena ke taimaka masa. Maimakon ya samu sauƙi, yanzu daga ɗakinsa zuwa ƙofar gida sai ya tsaya yana haki, abin da bara ba ya yi. Ya zama mai saurin fushi, yana cewa mun binne shi da ransa. Wani abokinsa mai irin ciwon, da aka ce nasa kashi 40 ne, yawonsa yake yi. Ƙanena ya ce mu saya masa tukunyar oksijin. Huhun ne ya ƙara lalacewa? Mu ƙyale shi, ko mu ci gaba da tsare shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi.

Ku sake shi. Ba sakin jeka-ka-yi-abin-da-ka-ga-dama ba, saki mai tsari, wanda ke da kanki za ki tsaya a kai. Maganar da ya faɗa muku cikin fushi, likitan huhu ma ita zai faɗa muku, sai dai shi zai tausasa harshe. Mai irin wannan ciwo idan aka zaunar da shi wuri ɗaya baya yake yi, ko da huhun bai ƙara lalacewa ba. Ƙauna ce ta sa kuka tsare shi, na sani, amma a nan garin neman gira ake neman rasa ido.

Akwai sharaɗi kafin komai. Mutumin da bara yake isa ƙofar gida lafiya lau, bana kuma sai ya tsaya a hanya, dole likita ya sake duba shi kafin a ɗora wa zama laifi. Haki ba daga huhu kaɗai yake zuwa ba. Zuciya idan ta gaza tana kawo shi, kuma tabar da ta ɓata huhu ita ce dai take ɓata jijiyoyin zuciya, shi ya sa cututtukan biyu suke yawan haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Ƙarancin jini yana kawo shi. Tarin fuka yana iya ɓuya a ƙarƙashin tarin da kowa a gida ya saba ji. Mai tarihin shan taba kuwa, idan yana ramewa ko ya ga jini a kaki, ba a jinkirta masa hoton ƙirji. Ku koma ku faɗa wa likita abin da kika rubuto mini, ku tambaye shi kai tsaye ko akwai abin da zai hana Baba motsa jiki. Idan ya ce babu, to sauran maganar nan taku ce.

Ita 45 ɗin nan na ga ita ta firgita ku. Na'urar da Baba ya hura sunanta sifirometa. Mutum ya cika ƙirjinsa, ya fesar da iskar da iyakar ƙarfinsa, na'urar ta auna abu biyu: iskar da ta fita a daƙiƙar farko, da jimillar wadda ta fita gaba ɗaya. Ta daƙiƙar farkon ita ce za ki ga an rubuta FEV1 a takardarsa. Mai lafiyayyen huhu yakan fitar da mafi yawan iskarsa a wannan daƙiƙa ɗaya. Idan abin da ya fita a daƙiƙar farko bai kai kashi 70 cikin ɗari na jimillar ba, bayan an ba mutum maganin buɗe hanyoyin iska, sai a ce akwai toshewa. Ita kuwa 45 kwatanci ce da sa'o'insa: Baba ya fitar da kashi 45 cikin ɗari na abin da ake sa ran namiji mai shekarunsa da tsayinsa zai fitar. Ba ta ce rabin huhunsa ya mutu ba, ba ta kuma faɗi kwana nawa ya rage masa ba. A tsarin GOLD, wato ƙungiyar masanan da ke fitar da ƙa'idojin kula da wannan ciwo tun 2001, daga 80 zuwa sama mataki na 1 ne, 50 zuwa 79 na 2, 30 zuwa 49 na 3, ƙasa da 30 na 4. Baba da abokinsa duk a mataki na 3 suke. Ciwo ne na gaske, ba zan rage miki shi ba.

Sai dai su kansu masanan sun gane cewa wannan lamba ba ta faɗin yadda mutum ke yini. Tun 2011 suka ƙara wasu tambayoyi a kanta: yaya hakinsa yake, kuma sau nawa ciwon ya tashi masa a shekara. Akwai wani ɗan ma'auni mai matakai daga 0 zuwa 4 da likitoci ke amfani da shi, kuma ba ya bukatar na'ura. Mai 0 sai ya yi aiki mai ƙarfi yake haki. Mai 1 sai ya yi sauri ko ya hau tudu. Mai 2 sa'o'insa suna barinsa a baya idan ana tafiya, ko ya riƙa tsayawa. Mai 3 yana tsayawa bayan kamar mita 100. Mai 4 ba ya iya fita daga gida, ko sa riga ma haki take sa shi. Daga bayaninki Baba ya gangaro zuwa 3, yana leƙen 4, abokinsa mai lambar da ta fi tasa ƙasa yana can wajen 2. Ƙarfin huhu a hankali yake raguwa, shekara da shekaru, musamman ga wanda ya bar taba. Idan aka ga mutum ya zube haka cikin shekara ɗaya ba tare da ya kwanta asibiti ba, kuma likita bai ga wata sabuwar cuta ba, ƙafafu ake fara tuhuma kafin huhu.

Don ki gane dalili, ki fara gane abin da ke faruwa a ƙirjinsa. Wahalar mai COPD ta fi yawa wajen fitar da iska. Hanyoyin sun ƙuntata, ƙananan jakunkunan iskar kuma sun saki, ba sa matsewa su turo iska waje kamar da. Fitar da numfashi ɗaya yana ɗaukarsa lokaci fiye da ke. Idan yana zaune, lokacin yana isarsa. Da ya tashi tafiya numfashi ya ƙaru, sai ya ja sabo kafin tsohon ya gama fita. Kowane numfashi ya bar saura, saura ya hau kan saura, ƙirji ya cika ya kumbura, sabuwar iska ta rasa wurin shiga. Gwada yanzu da kike karantawa. Ja numfashi har ƙirjinki ya cika, saki kaɗan kawai, ki sake ja, ki sake sakin kaɗan, ki yi haka sau biyar ko shida. Wannan ƙuncin da kika ji, ga iska cike da ƙirji amma kina jin kamar babu, shi Baba yake ji a tsakiyar hanya.

Daga nan ne za ki fahimci wasu abubuwa da wataƙila sun ɗaure miki kai. Faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, wadda ita ce babbar mai jawo numfashi, kumburarren huhu yana danna ta ƙasa ta baje, ƙarfinta ya ragu. Sai jiki ya nemi taimakon tsokokin wuya da kafaɗa. Saboda haka duk aikin da ya sa Baba ya ɗaga hannu sama da kafaɗa, cuɗa kai a wanka, cire riga ta ka, sauko da kaya daga bisa, ya ƙwace waɗannan tsokoki daga aikin numfashi. Sunkuyo kuma yana turo ciki ya matse ƙirji. Shi ya sa za ki ga mutum ya yi tafiyar minti 10 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma ɗaura takalmi ya sa shi haki. Mutane sukan zaci raki ne ko neman a tausaya. Ba haka ba ne.

Yanzu ga abin da zama ya yi masa. Tsoka da zarar an daina aiki da ita sai ta fara zubewa, kuma a jikin dattijo da sauri take zubewa. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da dattijai masu lafiya a gado kwana 10 kacal, suka rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafa. Masu lafiya ke nan. Baba ba a gado yake ba, amma shekara guda ya yi tsakanin kujera da mota. Tsokar da ta yi rauni kuma ba rauni kaɗai ne aibinta ba, tsada gare ta. Tana saurin gajiya, tana tara dattin aiki a jini da wuri, jiki kuma ta numfashi yake neman rabuwa da shi. Taku 50 ɗin da bara suke neman numfashi kaɗan, bana suna neman mai yawa, daga huhun da dama ba shi da rara. Ya yi haki, ku tsorata, ku ce ya zauna. Ya zauna, ƙafa ta ƙara sakewa, gobe hakin ya zo tun a taku 40. Haka ake yi har mutum ya koma ba ya iya zuwa banɗaki shi kaɗai, alhali idan aka sake gwajin hurawa, lambar tana nan kusa da inda take. Abokin Baba ba huhu ya fi shi ba. Ba a hana shi tafiya ba ne.

Ki riƙe wannan da kyau, don a kansa komai ya rataya: hakin da motsi ya kawo ba ya lalata huhu. Yana da wuya, yana da ban tsoro ga mai kallo, amma ba rauni yake yi wa ƙirji ba. Abin da ake so shi ne haki matsakaici, wanda mutum zai iya faɗin gajeriyar jimla a cikinsa, kuma idan ya tsaya ya lafa cikin 'yan mintuna. Idan yana iya zuba hira ba yankewa, tafiyar ta yi masa sauƙi. Idan kalma ɗaya ma ta gagara, ya wuce gona da iri, ya tsaya. Wanda ake dakatawa a nemi likita a kansa daban ne: ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, bugun zuciya da ya rikice, leɓe ya canja launi, ruɗewa, ko hakin da ya ƙi sauka bayan an huta an shaƙi magani.

Akwai shiri na musamman da asibitoci ke yi wa masu ciwon huhu, na farfaɗo da ƙarfin jiki. Yawanci mako 6 zuwa 12 ne, ana zuwa kamar sau biyu a mako, masu aikin motsa gaɓoɓi su sa mutum tafiya ko tuƙa keken motsa jiki, su ƙarfafa masa cinya da hannu, su koya masa numfashi. Sau da yawa ana farawa da gwajin tafiyar minti 6, a auna nisan da ya ci, a sake aunawa a ƙarshe. Abin sha'awar shi ne lambar FEV1 ba ta cika motsawa ba, amma nisan tafiya yana ƙaruwa, haki yana raguwa. Cikin duk abin da ake yi wa wannan ciwo, kaɗan ne suka kai shi amfani a rayuwar yau da kullum. Ku tambaya ko akwai shi inda ake duba Baba. Idan babu, ku nemi a haɗa ku da mai aikin motsa gaɓoɓi ko sau ɗaya ne, ya tsara muku na gida.

Na gidan ba wani abu ne mai wuya ba. Ya fara daga inda ƙarfinsa yake yau, kada ya auna da na bara. Idan minti 3 yake iyawa, to minti 3, ya huta, ya ƙara wasu 3, safe da yamma, a wuri shimfiɗaɗɗe inda akwai abin zama ko bangon jingina. Duk mako a ƙara minti ɗaya ko biyu. Tsayawa a hanya ba faɗuwa ba ce, cikin tsarin take. A haɗa da tashi-zauna daga kujera mai ƙarfi, sau biyar, a hankali, domin cinya ce take ɗaga mutum daga gado da banɗaki, kuma ranar da ta kasa ranar ce mutum ya koma hannun wasu. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta mintunan. Makonnin farko ba za ku ga komai ba, shi ma zai ce wahalar banza ce. Littafin ne zai nuna masa cewa 3 ta zama 8.

Dabarun numfashi kaɗan ne, amma sai an koye su a zaune cikin natsuwa, kafin ranar bukata. Na farko, ya ja iska ta hanci yana ƙirga biyu, ya tsuke leɓe kamar mai shirin fito, ya sake ta a hankali yana ƙirga huɗu, ba tare da ya tura da ƙarfi ba. Tsuke leɓen yana riƙe ƙananan hanyoyin a buɗe har tsohuwar iska ta samu fita. Idan haki ya taso, zuciyarsa za ta ce masa ja, ja, ja. Abin da zai cece shi shi ne ya mai da hankali ga saki. Na biyu, ya zauna ya ɗan karkato gaba, ya ɗora gwiwar hannu a cinya ko a tebur, kafaɗa a sake. A tsaye kuma ya dafa bango ko bayan kujera. Wataƙila kin sha ganinsa yana yin haka da kansa kina cewa ya miƙe ya zauna daidai. Ki bar shi, jikinsa ne ya gano abin da ke taimakonsa. Na uku, iska mai sanyi a fuska, daga 'yar fankar hannu ko mafici, a saitin hanci da baki. An gwada wannan, kuma yana rage jin ƙuncin ga mutane da dama. Na huɗu, ya riƙa sakin numfashi a daidai wurin da aiki ya fi nauyi: lokacin miƙewa, lokacin ɗaga abu, lokacin taka matakala. Kada ya riƙe numfashi yana yunƙuri. A matakala ya ja iska a tsaye, ya hau taki ɗaya ko biyu yana saki, ya tsaya, ya sake.

Maganar wanka nake so mu tsaya a kai, don ina zaton a nan ne abin ya fi yi masa ciwo. Dattijo mai shekara 64, da hankalinsa da komai, ɗan cikinsa yana cuɗa shi. Ko bai faɗa ba, wannan kaɗai ya isa ya sa shi fushi da kowa. Kuma mafi yawan masu mataki irin nasa suna iya wanka da kansu idan aka gyara musu wurin. A sa masa kujerar roba mai ƙarfi wadda ba ta santsi. Bokiti ya hau kan wani abu daidai gwiwarsa don kada ya riƙa sunkuyawa. Ruwa ya zama mai ɗumi kawai, domin tururi yana toshe masa numfashi, taga kuma a buɗe. Soso mai dogon hannu ya isar masa baya da ƙafa. Ya wanke kai a ƙarshe, hannu ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa a tsakani. Idan ya gama kada ya tsaya goge jiki da ƙarfi, ya yafa babban tawul ya zauna jikin ya sha iska. Kayan sawa a ajiye su kusa tun kafin ya shiga, ya sa su a zaune, wando kafin riga, riga mai maɓalli a gaba ta fi wadda ake zurawa ta ka, takalmi kuma wanda ba a ɗaurewa. Sabulu mai ƙamshi da turaren fesawa a ɗauke su daga wurin. Ƙanenki ya ɗauko ruwa, ya ajiye, ya fita ya tsaya inda zai ji kira. Wankan da yake minti 10 zai koma 25. Ba komai, nasa ne.

Haka za ku yi wa sauran yinin. Da yawa daga masu ciwon nan safiya ta fi yi musu nauyi, saboda kakin da ya taru cikin dare, don haka a bar shi ya shaƙi maganinsa, ya fitar da kaki, ƙirji ya buɗe, sannan a shiga wanka ko tafiya. Kada a jera masa abu mai nauyi biyu a jere. Abin da yake amfani da shi kullum ya zauna tsakanin ƙugu da kafaɗa. Turawa ta fi ɗauka sauƙi. Abinci ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, don cikakken ciki yana tokare ƙirji, kuma ku lura da nauyinsa, saboda aikin numfashi kansa yana cin jiki, rama kuma ba alheri ba ce a wannan ciwo. Aikin da ke tayar da ƙura ko hayaƙi kuwa, wannan ku ci gaba da hana shi, a nan kuna da gaskiya.

Tukunyar oksijin kada ku saya da ra'ayin kanku. Haki daban, ƙarancin oksijin a jini daban. Mutum yana iya haki kamar ransa zai fita alhali jininsa cike yake da oksijin, saboda matsalar iskar da ta maƙale ce. Ana rubuta oksijin na gida ne ga wanda aka auna aka ga nasa ya yi ƙasa sosai yana zaune cikin natsuwa, wajen kashi 88 ko ƙasa da haka, kuma yawanci sai an tabbatar da gwajin jini. Irin waɗannan ne bincike biyu, na Amurka a 1980 da na Birtaniya a 1981, suka nuna yana ƙara musu kwana, shi ma idan suna shaƙa aƙalla awa 15 a yini. Wani babban bincike na 2016 ya gwada shi ga waɗanda nasu ya ragu kaɗan kawai, bai ga ya ƙara musu kwana ko ya rage musu kwanciya asibiti ba. Ga wasu masu COPD ma, oksijin da ya yi yawa yana sa gurɓatacciyar iska ta taru a jini, mutum ya yi ta barci ya ruɗe, shi ya sa a asibiti ake riƙe nasu tsakanin 88 da 92. Ga haɗarin gobara idan akwai wuta kusa. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin da ke cikin jini yana da amfani, amma ku san cewa bincike ya nuna yakan nuna lamba sama da gaskiya a jikin masu duhun fata, kuma yatsa mai sanyi yana rikita shi. Idan Baba yana cikin wahala a fili, kada lamba mai kyau ta hana ku tafiya asibiti.

Ƙoƙarin da ƙanenki yake son yi, ya juya shi ga maganin shaƙa. Mutane da yawa suna shekaru da inhela a hannu, rabin maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Ku tafi da ita asibiti, Baba ya shaƙa a gaban likita ko mai ba da magani, a gyara masa. Idan irin ta fesawa ce, ku tambayi bututun da ake haɗa mata don maganin ya isa ciki. Ku san wacce ce ta kullum, wadda ba a fashinta ko da ya ji sauƙi, wacce ce kuma ta gaggawa, wadda za ta zauna a aljihunsa duk inda za shi. Ku tambaya ko ya dace ya shaƙi ta gaggawar kafin tafiya. Ku tambayi allurar rigakafin mura mai tsanani da ta ciwon sanyin haƙarƙari. Maganin barci ko na tari mai sa maye kada ya sha sai likitansa ya sani. Barin tabar da ya yi shi ne babban abin da ya yi wa kansa, domin tun 1977 wani bincike a kan ma'aikata a Landan ya nuna cewa wanda ya bari, abin da ya rasa ba ya dawowa, amma saurin raguwar yana lafawa. Kada wani ya sha a gabansa.

Ku kuma koyi gane tashin ciwon, don shi ne yake cin huhu da gaske. Haki ya fi na kullum, kaki ya ƙaru, ko launinsa ya koma ɗorawa ko kore: biyu daga cikin waɗannan sun isa a nemi likita a ranar, ba a jira a ga yadda gobe za ta yi. Kumburin ƙafa ma a faɗa masa. Bayan ya warware kuma a koma tafiya da wuri, daga ƙasa, domin a irin wannan kwanciyar ce ake asarar abin da aka tara.

Fushinsa kuwa, kada ki ɗauke shi rashin godiya. Mutum ne da ya saba a tambaye shi, yanzu an koma ana yanke masa hukunci a kan bokiti. Tsoro ma yana ciki, ko da ba zai taɓa furtawa ba, kuma tsoro da haki suna ciyar da juna: ya ji ƙunci, ya firgita, numfashi ya ƙara sauri, iska ta ƙara maƙalewa. Idan kika ga ya daina son abin da yake so, ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana yawan maganar mutuwa, ki faɗa wa likita, domin ciwon damuwa yana yawan bin wannan ciwo kuma yana da magani. Amma kafin nan ki same shi ke kaɗai, ba a taron ƙanne ba. Ki ce, “Baba, mun tsorata ne, shi ya sa muka matsa maka. Wane abu ne cikin waɗanda muka hana ka ka fi son ka koma yi?” Abin da ya faɗa, ko zuwa gaida wannan abokin nasa ne da ƙafa, shi za ku sa a gaba, ku auna nisan, ku raba shi mako-mako. Dattijo ba zai yi tashi-zauna don an ce yana da kyau ba, amma zai yi don ya isa inda yake son zuwa.

Idan kun fita tare, ki bi takunsa, kada ki wuce gaba ya riƙa ƙoƙarin cim miki. Idan ya tsaya ya dafa bango, kada ki kama shi, kada ki jero masa “Baba lafiya? Mu koma? In kira mota?”, domin kowace amsa numfashi take ci, kuma fuskarki a firgice tana ƙara masa nasa. Ku yi yarjejeniya tun a gida: ɗaga hannu yana nufin a ba ni minti ɗaya, nuna aljihu yana nufin miƙo inhela. Ki tsaya gefensa, ki saki naki numfashin a hankali ta tsukakken leɓe inda zai gan ki, sai ya bi. Shi zai ce a ci gaba ko a juya, sai fa in kin ga ɗaya daga cikin alamun haɗarin da na faɗa, a nan kam maganarki ce a sama, ku nufi asibiti.